Daga Indiya: ɗan ɗakina ya ƙirƙiro addini

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya su Hajiya da iyali, ya zafin Kano? Na san kana fushi da ni don rabona da in zauna in rubuta maka wani abu mai tsawo tun kafin azumi, to ka yi haƙuri, jarabawa ce ta sha mini kai. Yau na samu sarari kuma akwai labarin da ya daɗe yana cina, in ban ba ka ba cikina zai fashe.

Ka tuna ɗan ɗakina da na ce maka yana karanta falsafa, mai yawan shan shayi ɗin nan? To bawan Allahn nan ya ƙirƙiro addini. Wallahi ba wasa nake ba. Yana da wani littafin rubutu mai jan bango, gefensa duk tabon shayi, a ciki ya ja layi ya yi gida-gida kamar mai lissafin kanti: daga Buddha ya ɗauko zaman shiru da tattara hankali, daga wajenmu ya ɗauko zakka don ya ce ta burge shi, daga addinin Jain na nan Indiya ya ɗauko kada a kashe ko kiyashi, daga addinin Sikh, shi ma na nan, ya ɗauko ciyar da kowa kyauta a wurin ibada. Babu wuta, babu hisabi, azumi ma ya soke shi wai yana da olsa. Na ce masa malam ai wannan faten tsaki ka dama, ya yi dariya bai gane ba, ni ma ban iya fassara masa ba.

Da farko a'uzubillahi kawai na yi na juya masa baya, ka san mu da jin kalmar sabon addini sai hankalinmu ya koma kan Maitatsine, yadda iyayenmu ke ba mu labarin 'Yan Awaki a Disambar 1980 da aka rasa rayuka sama da dubu huɗu. Amma wannan ko kaza ba zai iya yankawa ba, surutu ne kawai, sai na fara sauraronsa da dare in an gama karatu.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne tafiyar da muka yi Fatehpur Sikri lokacin hutu, wani tsohon birni ne na jan dutse kamar kilomita 40 daga Agra inda Taj Mahal yake. Sarki Akbar ne ya gina shi, shekarun 1570. Kai ka ga ƙofa! Buland Darwaza suke ce mata, sai da wuyana ya yi ciwo don kallon sama. A garin nan ne Akbar ya gina wani zaure a 1575 da ya kira Ibadat Khana, duk daren Juma'a yana tara malamai su yi muƙabala yana zaune yana ji, shi kuwa ko karatu bai iya ba, karanta masa ake yi. Da farko malaman Musulunci ne zalla, sai suka dinga zage-zage da kafirta juna a gabansa har abin ya ishe shi, ya buɗe ƙofa ga kowa: malaman Hindu, Jain, Majusawa masu bautar wuta, har da fada-fada na Katolika da suka taso daga Goa suka iso a 1580. Ƙarshenta wajen 1582 ya fito da abin da aka fi sani da Din-i Ilahi. Mai shiga zai zo ranar Lahadi, ya cire rawani ya riƙe a hannu ya sa kansa a ƙafar sarki, sarki ya ɗaga shi ya mayar masa da rawanin. Ana so ya sallama wa sarki dukiya da rai da mutunci da addini. In sun haɗu ɗaya ya ce Allahu Akbar ɗayan ya amsa Jalla Jalaluhu, kuma ka lura sunan sarkin Jalaluddin Akbar, shi ya sa malamai irin su Badauni da ke fadar suka yi ta zarginsa. Wasu masana tarihi dai suna cewa ba addini ba ne, wata 'yar ɗariƙa ce ta fadawa, amma ko ma mene ne ga abin da ya ba ni mamaki: mutumin da ke mulkin yawancin arewacin Indiya, da giwaye da baitulmali, manyan da aka lissafa sun bi shi ba su kai 20 ba. Babban kwamandansa Man Singh ma ƙi ya yi, ya ce shi Hindu ne, in sarki na so ya musulunta zai iya, amma bai san wani addini na uku ba. Akbar ya rasu a 1605, abin ya bi shi kabari.

A cikin bas muna dawowa na ce wa ɗan ɗakina ka ga wanda ya riga ka. Ya ce ai Buddha ma ƙirƙira ya yi. Nan muka yi ta ja har Agra, don ni a ganina ba ɗaya ba ne, ko da yake ni da addinin Buddha hanyarmu ta rabu tun daga tushe, su ba su da maganar Mahalicci, ba su yarda akwai rai tabbatacce a jikin mutum ba, mu kuwa komai namu a kan La'ilaha illallahu yake tsaye. Amma in za a yi adalci, Siddhartha, wato shi Buddha ɗin, bai zauna da littafi yana tsinto abin da ya yi masa daɗi ba. Ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yanzu, yadda suke ba da labari ya fita gari ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, abin ya hana shi barci, yana da shekara 29 ya bar gida da mata da ɗa. Ya yi ta horar da kansa da yunwa har ya kusa mutuwa kafin ya gane wannan ma ba hanya ba ce. Tambaya ɗaya ce ta dame shi, me ya sa ake shan wahala kuma ta ina za a fita. Akwai wani misali nasa da ya tsaya mini a rai, wai mutum ne aka harbe shi da kibiya mai dafi, maimakon ya bari a cire sai ya ce shi sai an gaya masa wa ya harbo, ɗan wane gari ne, da wane icce aka yi bakan. Kafin a gama amsa masa ya mutu. Sannan dokokinsu biyar na kowa da kowa in ka ji sai ka ce wa'azin Juma'a: ban da kisa, ban da sata, ban da zina, ban da ƙarya, ban da maye. Na ga sufayensu masu jan mayafi da aski ƙwal, a al'adarsu da ƙoƙo suke fita neman abinci da safe, ai sai na tuna almajiran ƙofar gidanku.

Wanda ya fi ba ni tunani ma Ambedkar ne, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, hotonsa na ko'ina a nan, da kwat shuɗiya da tabarau. Daga cikin waɗanda tsarin Hindu ya ajiye a ƙasan kowa har ake ƙyamar taɓa su ya fito, yana yaro a makaranta buhu yake zuwa da shi daga gida ya zauna a kai, ruwa kuma sai masinja ya tsiyayo masa daga sama don kada ya taɓa randa, ran da masinja bai zo ba ya wuni da ƙishi. A 1935 ya ce an haife shi Hindu amma ba zai mutu Hindu ba. Bai yi gaggawa ba, shekara 21 ya yi yana auna Musulunci da Kiristanci da Sikh, sai 14 ga Oktoba 1956 a Nagpur ya shiga addinin Buddha, shi ma sai da ya sake masa fasali ya zubar da wasu abubuwa, ana kiran nasa Navayana. Mutane dubu ɗaruruwa suka bi shi a wannan taron, bai cika wata biyu ba ya rasu, kuma har yau jikokinsu na nan a kai. Sarki da giwaye bai tara 20 ba, wanda aka hana ruwan randa ya tara wannan. Su dai wulaƙanci ne ya koro su, ba sha'awar sabon abu ba.

Shi ne rannan na tambayi mutumin nawa, in mabiyinka ya mutu wa zai yi masa wanka, ƙonawa za a yi ko binnewa, me za ka gaya wa uwarsa in ta zauna tana kuka? Ya buɗe littafin ya duba gida-gidan nan nasa, babu. Ya ce zai ƙara babi. Ni kuma na ce masa mu dai an rufe mana wannan ƙofar, Annabi (SAW) shi ne cikamaki, ban zo neman wani ba. Bai ji haushi ba, yana da kirki wallahi, da azumi shi yake tashina sahur in na makara.

Mabiyi ɗaya ya samu zuwa yanzu, wani yaro a ɗakin da ke kallon namu, shi ma sun saɓa a kan albasa, don Jain ba sa cin ta kuma yaron ya ce shi ba zai iya ba.

Don Allah in ka ji mai tahowa ka aiko mini da yaji da daddawa da kuka, nawa sun ƙare tun watan jiya, cin dal da chapati ya ishe ni. Ka gaida Hajiya ka ce ta sa ni a addu'a, saura takarda biyu in gama. Ka gaida 'yan majalisa duka, kuma ka ba ni labarin maganar aurenka, shiru na ji.

Naka har kullum.