Zuwa ga ɗana Nura, kafin ranar ziyara

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, gida kowa lafiya, Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Nura, jiya ina rumfa a Farin Gada ana sauke kabeji, wani direba da muka daɗe muna hulɗa ya ja ni gefe. Ya ce ɗan ƙanwarsa da ke aji ɗaya a makarantarku ya faɗa a gida cewa tun da aka naɗa ka shugaban ɗakin kwana, kai ke tayar da ƙananan yara kafin kiran asalatu su ɗebo wa manya ruwa. Wanda ya makara sai kamun kunne ko tsallen kwaɗo a kan siminti, a kuma kwashe masa garinsa da madararsa. Ban ce na gaskata ba. Amma tun jiya abinci ya ƙi shiga cikina.

Ka tuna takardar da muka sa wa hannu ni da kai ran da na kai ka. Duka, ƙwacen kayan wani, tilasta wa ƙarami aiki, kowanne da hukuncinsa: a kai ka gaban kwamitin ladabtarwa, a kira uba, a dakatar, in abin ya yi muni a kore ka. Kada ka ce a takarda kawai abin ya tsaya. A 2024 ɗalibai 13 aka dakatar na mako 6 a kwalejin gwamnatin tarayya ta Inugu saboda cin zalin ɗan uwansu. A 2024 ɗin dai bidiyon yarinyar da ake mari a wata makarantar kuɗi a Abuja ya karaɗe wayoyi, har minista ta je da kanta, aka rufe makarantar kwana 3. Kai ga WAEC saura 'yan watanni, kuma ka san buhu nawa na dankali nake sayarwa kafin kuɗin zango guda ya haɗu.

Amma wallahi ba korar ce ke hana ni barci ba. Sanyin Jos ne. Ka san hunturun garin nan, ruwan da ya kwana a bokiti hannu ba ya iya taɓa shi. A cikin yaran da kake turawa rijiya cikin duhu, ka san waye mai sikila? Ba a rubuta wa kowa a goshi ba. Sanyi da gajiya da rashin shan ruwa su ne ke tayar da ciwon, kai ka fi kowa sani. Kai ne ka riƙe ƙafafun Sadiƙu a bayan Keke Napep daren da sikilarsa ta tashi muka tafi asibiti, kana kuka kana cewa direba ya yi sauri. Yanzu kai ne za ka tura ɗan wani cikin wannan sanyin? In yaro ya faɗi a bakin rijiya bai tashi ba, me zan ce wa ubansa? Da wace fuska zan shiga masallacin Unguwar Rogo? Ka ba ni kunya, Nura, in har maganar nan gaskiya ce.

Na san abin da za ka ce: kai ma haka aka yi maka a aji ɗaya, kuma a gida ma ka sha bulala. E, na dake ka, ban musa ba. Amma ni na haife ka, ni ke kwana a kanka in zazzaɓi ya kama ka, kuma ban taɓa hana ka abinci ba. Su waɗannan amana aka ba ka. Lokacin da ka dawo hutun farko da tabon bel a bayanka, kai ka roƙe ni kada in je makarantar, na bi maganarka na yi shiru. Shirun nan yana damuna har yau.

Ga abin da nake so. Duk wanda ka karɓi kayansa ka mayar masa, na sa kuɗi a cikin ambulan don haka. Wanda ya yi laifi ka kai sunansa wurin malamin ɗakin kwana, hannunka kada ya taɓa kowa. In abokanka ne ke matsa maka, ka ajiye muƙamin, ba zan ji haushi ba.

Innarka ban gaya mata ba tukuna. Ranar ziyara zan riga ta isowa, mu zauna mu biyu ka faɗa mini da bakinka. Na aiko da rigar sanyi biyu, ɗaya taka, ɗaya ka ba ɗan ƙanwar direban nan. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.