Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Yawuri,
Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ƙaninka ya zo gida shekaranjiya, ya ce mini likita ya tabbatar ciwon suga ne, kuma tun daga ranar ka rage fita kasuwa, kana cewa ƙarfinka ya ƙare. Maganar nan ta hana ni sukuni. Shi ya sa zan ba ka labarin wani Bature matuƙin kwale-kwale, tunda ni da kai a bakin kogin Kwara muka tashi, mun san abin da filafili yake yi wa kafaɗa.

Sunansa Steve Redgrave. An haife shi a 1962 a Marlow, wani ƙaramin gari a bakin kogin Thames a Ingila. Mahaifinsa magini ne. Karatu ya ba shi wuya, haruffa suna rikice masa, har ya bar makaranta yana ɗan shekara 16. Wani malaminsu ne ya fara sa shi a jirgi.

Tuƙinsu ba irin namu na bikin Rigata ba ne. Jirgin dogo ne siriri, matuƙi yana zaune ya juya wa inda za shi baya, kujerarsa tana zamewa gaba da baya, kuma ƙafa ce take yin yawancin aikin. Tseren mita 2000 ne, kimanin minti shida, amma sai an yi shekara huɗu ana sammako cikin sanyin hunturu saboda mintocin nan shida.

Ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, ya sake ci a Seoul a 1988. A 1992, ana gab da tafiya Barcelona, ciwon hanji mai tsanani ya kama shi, duk da haka shi da abokin tuƙinsa Matthew Pinsent suka zo na ɗaya. A Atlanta a 1996 ma haka, kuma ita kaɗai ce zinariyar da Birtaniya ta samu a gasar. Ranar ya gaji tilis, har ya ce duk wanda ya sake ganinsa kusa da jirgi ya harbe shi. Bayan 'yan watanni ya dawo ruwa.

To ga inda nake so ka saurara. A 1997, yana da shekara 35, aka gano yana da ciwon suga. Shi ma ya ɗauka tasa ta ƙare, kamar yadda ka ɗauka. Likitansa ya ce masa bai ga dalilin da zai sa ya ajiye tuƙi ba. Sai ya koma allurar insulin sau da yawa a rana, yana gwada jininsa kafin atisaye da bayansa, yana daidaita abinci da aiki. Wani lokaci samarin da ke cikin tawagar sukan fi shi a gwajin ƙarfi, abin yana ci masa rai, amma bai fasa zuwa ba. A watan Satumba na 2000 a Sydney, su huɗu cikin jirgi ɗaya, shi da Pinsent da Tim Foster da James Cracknell, suka riga 'yan Italiya da ƙasa da rabin daƙiƙa. Zinare na biyar ke nan a jere, yana da shekara 38.

Na san shi yana da likitoci a kusa, kai kuwa sai ka bi layi a asibiti, ga tsadar magani. Ban raina wannan ba. Amma don Allah kada ka bar magani saboda maganganun mutane, ka riƙa gwada jini, ka rage shayi mai suga, ka ɗan taka bayan sallar asuba, ka koma shagonka ko da rabin wuni ne. Idan kuɗin magani ya yi nauyi, ka gaya mini ba tare da jin nauyi ba.

Ina sa ran ganinka a Rigata mai zuwa, in Allah ya yarda. Ka gaida mini Hajiya da maiɗakinka da yara. Iyalina suna yi maka sannu.

Naka amini.