Koken manoman fadamar bakin Binuwai ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa kan gonakinmu da dokar filaye da ake jira

Zuwa ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa,
ta hannun Sarkin Hausawa da Lawan ɗinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo, ya ƙara nasara da imani, ya tsare fada da mutanen fada. Bayan gaisuwa mai yawa da durƙuso irin na talaka a gaban ubangidansa, mu ne talakawanka manoman albasa da masakwa da kayan lambu a fadamar bakin Binuwai, Hausawa da maƙwabtanmu da muke shan ruwan rijiya ɗaya. Mun san ɗa ba ya ɗaga murya a gaban uba. A gafarce mu in maganarmu ta yi kaushi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, motoci biyu suka tsaya a bakin fadama. Wasu mutane suka sauko da na'urar awo mai ƙafa uku da turakun siminti. Ba sallama, ba tambayar ina Jauro, sarkin garinmu. Suka ratsa ta tsakiyar fangalin albasa, dashen da bai cika sati uku ba, suna tattakawa kamar ciyawar bakin hanya. Mota ɗaya ta hau kan tiyon injin ban ruwa ta fasa shi. Wani dattijonmu da ya haura 70, wanda a fadamar nan aka yanke masa cibi, ya dogara sanda ya matsa ya ce, "Samari, lafiya?" Sai wani yaro sa'an jikansa ya ɗaga masa takarda daidai hanci, ya ce ƙasar ta sami mai ita, bayan an cire albasa kowa ya san inda dare ya yi masa. Sunan mai ƙasar ma ba su faɗa ba, wai wani babba ne daga birni.

Turke ɗaya suka kafa a lambun wata bazawara mai marayu. Wani kuma, Allah ya taimaki Lamiɗo, a gefen maƙabartarmu aka dasa shi, taku kaɗan daga kabarin limamin da ya yi wa yawancinmu huɗuba. Wannan shi ne ya tayar da hankalin matasa. Har sun fara ɗaukar fartanyoyi da sanduna, Liman da dattawa suka shiga tsakani, suka ce akwai uba a gari, ba a yi komai ba sai ya ji. Mun riƙe su ranar Talata. Ba barazana muke yi ba, Allah ya kiyaye mu da yi wa fada barazana, amma ƙarfin tsoho yana da iyaka.

Ba yau aka fara ba. Bara, ko bara waccan, an zo an yi awo a gabas da mu aka tafi. Mun yi karo-karo, mun sayi tambur, mun kai takarda ofis, an ce mu dawo, mun dawo, an ce mai sa hannu ya yi tafiya. Mun sake rubutawa. Wakilanmu sun yi zirga-zirga har kuɗin mashin ya cinye kuɗin taki. Wasu daga cikin waɗanda suka dangwala yatsa a takardar farko yanzu suna kwance a maƙabartar nan da aka kafa wa turke.

Da muka gaji, sai muka zaunar da yaranmu da suka yi boko suka karanta mana dokar, suka fassara. Nan muka gane sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar filaye ta Kamaru ta 6 ga Yuli 1974 ta ce duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka, wadda ake kira titir fonsiye, kuma ba ta cikin filayen hukuma, ta shiga ƙasar al'umma da gwamnati ke riƙo. Gonar gado ba taka ba ce a idon doka, izinin nomawa kawai kake da shi. Mai son titir kai tsaye sai ya nuna cewa an raya wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974. To, ranka ya daɗe, mafi yawan masu riƙe da fartanya a fadamar nan yau ba a haife su ba a 1974. Mai bishiyar mangwaro ya nuna mangwaro. Mai albasa me zai nuna? Da damina fadama ruwa ne da ciyawa, sai ruwa ya janye ake dasa masakwa, sai sanyi ya shigo ake dasa albasa. Wanda ya zo da na'ura a watan Agusta zai rantse ba kowa a wurin. Haka saura da aka bari ta huta, haka burtalin shanu, haka mashaya: duk doka tana iya ƙirga su cikin ƙasar da ba mai amfani da ita, a ba wani.

Sun kuma karanta mana cewa kafin a ba da titir, akwai kwamitin da sufurfe, wato shugaban gunduma na gwamnati, ke shugabanta, da sarkin gari da dattawansa biyu a ciki, sai sun taka wurin sun gani da ido. Jauronmu ya rantse ba wanda ya kira shi. Bayan haka ana buga sanarwa a wata jarida ta hukuma, da Faransanci, a ba mai ƙorafi kwana 30. Wa ya taɓa ganin jaridar nan a kasuwar Pitowa ranar Lahadi? In kwanakin sun wuce aka fitar da titir, doka ta ce ya zauna ke nan, soke shi sai an kai ga minista a Yawunde ko kotu, tafiyar da ta fi ƙarfin mai buhu goma na albasa. Ko gwamnati ce da kanta ta karɓi wuri don aikin jama'a, wanda ba shi da titir kuɗin shuka da gini kawai zai gani, ƙasar kanta ba a biyan shi.

Kuma ƙasar ba ƙaruwa take yi ba. Tun da aka datse ruwa a Lagdo a 1982 ambaliyar da ke jiƙa gonakin masakwa ta ragu, sannan a 2012 ruwa ya zo gaba ɗaya ya share mana komai. Gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida da yankunan farauta sun kwashe kusan rabin Jihar Arewa. 'Yan'uwa daga Arewa Mai Nisa suna ta saukowa neman abinci, ba mu ga laifinsu ba. Garwa kuma tana ta cin ƙauyukan gefenta.

Mun ji cewa tun watan Janairu 2011, a taron manoma da makiyaya na Ebolowa, Shugaba Paul Biya ya ba da umarnin a gyara dokar filaye. Mun ji a 2013 sarakunan gargajiya na Kamaru sun zauna a Yawunde sun miƙa shawararsu, cewa a amince ƙauye ya mallaki ƙasarsa ta gado. Yaron da aka haifa shekarar Ebolowa yau shi ke tayar mana da injin ban ruwa. Majalisar dokoki tana zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, duk zama muna kasa kunne a rediyo, shiru. Jiran ma da sauƙi. Abin da ke hana mu barci shi ne a wayi gari an kawo dokar an zartar, ba a tambayi ko mutum ɗaya mai laka a ƙafa ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka muka zo inuwarka. Roƙonmu na farko, a tsayar da mutanen nan. A kira mai takardar nan zuwa fada, a karanta ta a gaban Alƙali da Jauro da mu, a ji ranar da kwamiti ya zo da dattawan da suka sa hannu. A cire turken maƙabarta tun kafin a zauna.

Sannan muna roƙon Lamiɗo ya kai muryarmu inda ƙafarmu ba ta zuwa. Maganar sarki mai daraja ta ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa a gaban gwamna. Sarakuna suna da kujeru 20 cikin 90 a majalisar jiha, jiharmu tana da sanatoci 10, ga depitoci, wato 'yan majalisar dokoki, da suka zo har ƙofar masallacinmu neman ƙuri'a. A tara su a fada a gaya musu: in sabuwar doka ta zo, shedar sarki da ta maƙwabta a kan gonar gado ta zama hujja da kotu za ta karɓa. A cire shingen 1974. A rubuta ƙarara cewa fadama da saura da burtali da maƙabarta ba kango ba ne. Sanarwar neman titir a yi ta da baki, da Fulatanci da Hausa, a masallacin Juma'a da coci da kasuwa, kada kwana 30 su fara ƙirguwa sai an yi shela. A rage kuɗin awo yadda talaka zai iya, a sa sunan mata da marayu a ciki, don su ake fara turewa. Kuma kafin a kai daftarin majalisa a kawo shi Garwa a karanta mana. Makiyaya ma a kira su, rigimarmu da su ta ɓarnar shanu ce, ana sasantawa, amma turken siminti mu da su duka yake kora.

Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a tsayar da masu awon nan. Sun ce za su dawo da waya su kewaye wurin. Albasa ba ta jure ƙishi, tiyo ya fashe, masu lambun da turaku suka faɗa ciki suna tsoron sa taki a abin da ba su san wa zai cire ba. In fada ta aiko ko dogari ɗaya ya ga wurin kafin Juma'a, sawun tayar motocin yana nan a cikin fangali, mun hana yara gyarawa.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo, ya ƙara wa fada kwarjini.

Talakawanka,
Liman, dattawa, mata masu lambu da matasan fadamar bakin Binuwai.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna hannun Sarkin Hausawa.