Wasiƙar godiya ga Malam David Malan da ma'aikatan CS50 na Jami'ar Harvard

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni ɗan tireda ne a Zariya, karatuna bai wuce sakandare ba. Ƙanena ne ya turo min bidiyon darasinku na farko na CS50, kwas ɗinku na koyon ilimin kwamfuta, ya ce kyauta ne. Na ce masa, Harvard da kyauta? Sai dai in na gani. To na gani, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Malam, ranar da kuka ɗauki littafin lambobin waya kuka yaga shi gida biyu, kuka jefar da rabi, kuka sake yaga abin da ya rage, ranar kuka kama ni. Shafi 1,000, amma yagawa goma ta isa a kai ga sunan da ake nema. Na dubi littafin bashin shagona, wanda nake bi shafi-shafi in mai bashi ya zo biya, na yi wa kaina dariya. Kafin nan kun nuna mana cewa kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, har harafin A ma a wurinta lamba 65 ce.

Da Scratch aka fara, manhajar koyon ba kwamfuta umarni, kamar wasan yara, ana jera bulo-bulo. Da aka shiga harshen rubuta manhaja na C kuwa na sha wuya. Waƙafi mai ruwa guda ɗaya da na manta ya cinye min dare sukutum. Makon da aka zo kan yadda kwamfuta ke ba kowane abu adireshi a ma'adanarta, sau uku na kalli darasin kafin ya zauna. Sai da aka kai harshen Python na gane dalilin wahalar: abin da nake rubutawa a layi ashirin ya koma biyar, kuma na san abin da ke gudana a ƙarƙashi.

Godiyata ta fi yawa ga ma'aikatan da ba a gani a bidiyo. Su suka shirya wurin rubuta manhaja a intanet, don haka tsohuwar kwamfutar da na aro ta wadatar, ban girka komai ba. Ga check50 mai duba aiki nan take, ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba. Ga kuma manhajar nan mai hoton agwagwa, mai amsa tambaya, wadda ke nuna hanya amma ta ƙi yi wa mutum aikinsa. Na sha jin haushinta, gaskiya.

Tun 2012 kuka buɗe kwas ɗin a edX, shafin karatu na intanet, ga duk duniya, kuma wanda ya samu kashi 70 a kowane aiki ana ba shi takardar shaida ba ko kwabo. Data kaɗai na saya.

Aikina na ƙarshe littafin bashin nan ne, da Python da SQL, harshen adana bayanai da nemo su. Yanzu in na rubuta suna, sai ya fito da abin da ake bin mutum da ranar da ya karɓi kaya.

Roƙona ɗaya: a sa wa bidiyon fassarar Hausa, domin akwai yaran kasuwa da suka fi ni kai, Turancin ne kawai ya tsare su. Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani ɗan tireda, Zariya