Me ya sa yaro ke ganin 1/8 ya fi 1/4?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja hankalin malamai da iyaye a Maradi kan tuntuɓen da ƴan CM1 da CM2, wato aji biyar da shida na firamare, ke yi idan aka zo darasin rabe-raben lamba. Rubuta 1/4 da 1/8 a allo, ka ce wanne ya fi girma, da yawa 1/8 za su nuna. Ba daƙiƙanci ba ne. Tun CI, wato aji ɗaya, aka koya musu 8 ta fi 4, shi ne suka ɗora wannan doka inda ba ta aiki. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, kuma in masu rabo suka ƙaru, kason kowa raguwa yake.

Bayani da baki ba ya cire wannan, sai hannu ya taɓa. A yanka tsirin kwali biyar, kowanne santimita 24. A ninka na farko gida biyu, kowane kaso ya zama 12, na biyu gida uku, 8, sannan huɗu, 6, shida, 4, takwas, 3. Yaro ya jera su gefe da gefe, ya faɗi da bakinsa wanne ya fi tsawo kafin a rubuta komai. Abu biyu ke ɓata aikin: kwalayen da tsawonsu bai zo ɗaya ba, da ninkin da bai daidaita ba. Rubu'in dogon kwali yana iya fin rabin gajere, yaro kuwa abin da idonsa ya gani zai riƙe.

Daga nan a ja layi daga 0 zuwa 1, a kafa rabi a tsakiya, kowane kaso a tambaya: ya kai rabi ko bai kai ba? Wanda ya saba da haka ba zai yarda 1/2 da 1/3 su ba da 2/5 ba, tunda 2/5 ko rabin bai kai ba.

A gida kuɗi ya isa. Jika dala 200 ce: rabinta 100, rubu'i (1/4) 50, sumuni (1/8) 25. Malaman islamiyya ma suna da misali a hannu, domin a rabon gado mata na samun rubu'i in mijin bai bar ɗa ko ƴa ba, in ya bari ta koma sumuni. Yaron da ke ganin sumuni ya fi rubu'i, da wane ido zai karanta wannan hukunci? Muna roƙon kada a gaggauta shiga dokokin tarawa da ɗebewa sai yara sun iya jera waɗannan kaso daga ƙarami zuwa babba.

Wassalam,
Wasu malaman firamare, Maradi