Wasiƙa daga Birnin Kebbi: maganar aikin Yaya

Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Fatakwal, ya kasuwa, ya haƙuri da zaman nesa? Mu nan sai godiya. An shiga yankan shinkafa a fadama, hunturu kuma ya fara leƙowa da asuba.

Saƙonka ya same ni. Na ga gara in zauna in rubuta maka a tsanake, domin maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ina so ka samu abin da za ka karanta wa Hajiya idan hankalinta ya sake tashi. Ka ce ka ji an ƙera hanyar fitsari a ƙasashen waje, ana sa wa mutum ya warke, kana tambaya ko a sayar da gonar fadama a fita da Yaya Masar ko Indiya. Abin da ka ji yana da tushe, ba ƙarya aka yi maka ba. Amma don Allah kada a taɓa gonar nan. Bari in gaya maka dalili.

Yaya ya zo wurina makon jiya, muka zauna a zaure. Ya ɗan faɗa, amma da ƙarfinsa. Robar nan da aka sa masa a mara don fitar da fitsari, tunda hanyar ta tsuke, ita ce ke cin ransa. Yana ɗaure jakar da tsumma a cinya ƙarƙashin wando, ya ɗora babbar riga ko da rana ta take. Mutumin da ka san sahun farko ba ya wuce shi, yanzu sai an tayar da iƙama yake shiga masallaci, ya raɓe a ƙarshen sahun baya kusa da ƙofa, don kada na gefensa ya ji wari. Malamai sun gaya masa mai irin wannan lalura yana da uzuri, sallarsa ta yi. Ya ji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Cewa ya yi da ni, "Ƙanena, ni dai a raba ni da robar ga, ko mi za a yi." Wallahi sai da na kau da kai.

Hanyar fitsarin namiji, daga mafitsara zuwa waje, tana kai santimita 18 zuwa 20. Siririn bututu ne mai laushi a ciki, wani nama mai cike da jini ya kewaye shi. In wurin ya ji rauni, jiki yakan ɗinke shi da tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa, tsukewa yake yi. A da ciwon sanyi da ba a yi wa magani sosai ba shi ne kan gaba wajen jawo haka. Yanzu a ɗakin tiyata mun fi ganin 'yan haɗarin babur da mota, da waɗanda aka tura wa roba da ƙarfi ko aka bar ta ta daɗe. Na Yaya ka san asalinsa, faɗuwar nan da ya yi a kan gefen kwale-kwale a Yawuri. Da tun lokacin aka yi masa aiki, mai yiwuwa yanke ɗan wurin kawai za a yi a haɗa baki da baki, don haka ake yi in tsukewar ba ta wuce santimita 2 ba. To an yi ta buɗa masa da ƙarfe shekara da shekaru. Kowace buɗawa tana yaga tabon, jiki ya sake ɗinkewa da wanda ya fi shi. Hoton da ya nuna mini, wanda aka ɗura masa ruwa a hanyar aka ɗauka, tsukewar ta kusa santimita 5. Riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Shi abin da ka ji labari, kolajin ake ce masa. Ka san shi, ka ma sha cinsa. In aka dafa ganda ko ƙafar saniya aka bar romon ya kwana, da safe ka tarar ya daskare yana rawa, to kolajin ne ya narke ya fito. Shi ne zaren da ya riƙe fata da jijiya da ƙashi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikin mutum shi ne. Abin da ya ja hankalin masu bincike shi ne na dabba da na mutum sun yi kusa da juna ƙwarai, jiki ba ya saurin yaƙarsa. Abin da jiki ke ƙi su ne ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikinsa. Sai suka ce to a wanke su. Za a ɗauki fatar cikin hanji ko ta mafitsara, a yi ta wanke ta da sinadarai har ƙwayoyin su fita kaf, a bar farin ƙyalle siriri. A kashe ƙwayoyin cuta, a busar, a rufe a leda. Ranar aiki likita ya jiƙa shi da ruwan gishiri, ya tsaga wurin da ya tsuke a tsaye, ya ɗinka shi a matsayin maho.

Mahon nan ba shi da rai, kuma ba zama zai yi ba. Aikinsa irin na rumfar kara ne da ake kafa wa duma: ita rumfar ba ta yin 'ya'ya, amma in babu ita yaɗon ba shi da wurin bi. Ƙwayoyin halittar mutumin ne ke rarrafowa daga gefe da gefe su rufe shi, jijiyoyin jini su tsiro daga ƙasa su shige shi, a hankali jiki ya narkar da shi ya maye gurbinsa da nasa naman.

Nan ne kuma matsalar take, ita ce waɗanda suka ba ka labari suka tsallake. Rarrafen yana da iyaka. An gwada a zomaye, aka cire wani yanki na hanyar gaba ɗaya aka sa bututun kolajin tsura, aka tarar in giɓin ya wuce rabin santimita, tsakiyar ba ta rufuwa, tabo ne ke cike ta. Shi ya sa a mutane ake amfani da shi a matsayin maho a gefe ɗaya, inda sauran bangon hanyar ke nan da ransa. Wani likitan Masar, El-Kassaby na Jami'ar Ainu Shams da ke Alƙahira, shi da Anthony Atala na Amurka da abokan aikinsu, sun fitar da sakamako a 2003: maza 28 aka yi wa maho da kolajin da aka samo daga mafitsarar mamata, 24 suka samu lafiya. Kowa ya yi murna. A 2008 sai suka sake gwadawa da mutum 30, rabi aka sa musu kolajin, rabi aka sa musu fatar cikin kumatunsu. A cikin waɗanda ba a taɓa wurin da yawa ba, duka biyun sun yi kyau: kolajin 8 cikin 9, kumatu 10 cikin 10. Amma waɗanda aka sha yi wa aiki har naman wurin ya mutu, kolajin 2 kawai ya ɗore cikin 6, kumatu kuwa 5 cikin 5. A Italiya ma, likita Palminteri ya bi maza 25 da ya sa wa wanda aka yi da hanjin alade har tsawon shekaru, duk waɗanda tsukewarsu ta haura santimita 4 abin ya sake toshewa.

To ka duba Yaya. Tsawo ya kusa 5, wuri kuma ya sha ƙarfe. Shi ne ainihin mutumin da kolajin tsura ya fi ba wa kunya. Da za a sayar da gona a kai shi wurin likitan kirki a Alƙahira, ina da yaƙinin cewa bakinsa zai ce ya buɗe, don ya ɗebi fatar kumatu.

Akwai mataki na gaba, wanda nake jin shi ne ka gani. Maimakon a sa ƙyallen tsura, sai a shuka masa ƙwayoyin halittar mutumin tun a ɗakin bincike. A birnin Meziko, tsakanin 2004 da 2007, an yi wa yara maza 5 masu shekara 10 zuwa 14 haka. An ɗebi ɗan nama kaɗan daga mafitsararsu, aka raini ƙwayoyin na makonni, aka shimfiɗa na tsoka a waje, na laushin ciki a ciki, a kan bututun da aka saƙa da irin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon a 2011, yaran suna fitsari lafiya bayan shekaru. A Jamus kuma akwai masu ɗiban ɗan ƙanƙanin nama daga kumatu, su raine shi kamar mako uku, su dawo da shi ya zama maho. Aiki ne na ban mamaki, ina faɗa da zuciya ɗaya. Sai dai yara 5 ne, aminina. Har yau abin bai zama aikin yau da kullum ba ko a can, saboda tsada da wahalar rainon. Ƙwayoyin nan sai an riƙe su a zafin jiki, digiri 37, dare da rana, a ɗakin da ƙura ba ta shiga, wuta ba ta ɗaukewa ko na ɗan lokaci. Ka san halin da muke ciki.

Aikin kumatu kuwa ana yinsa a ƙasar nan, likitocin mafitsara na manyan asibitocin koyarwa sun iya shi, ga Sakkwato nan kusa da mu. Tun farkon shekarun 1990 ya bazu a duniya, kuma fiye da mutum 80 cikin 100 suna dacewa. Na sha tsayawa a kansa. Bayan an sa mutum barci, a buɗe bakin, a zana wurin da alƙalami, faɗin kamar santimita 2, tsawo gwargwadon buƙata, ana kauce wa 'yar ƙofar da yawu ke fitowa kusa da turamen haƙora na sama. A yanko fatar, a shimfiɗa ta a kan ɗan katako, a bi bayanta da almakashi ana cire kitse har ta yi siriri, ja-ja da ita tana sheƙi. Sannan a kai ta ƙasa a ɗinka. Fata ce da ta saba da jiƙa tun haihuwa, ba ta da gashi, ga jijiyoyin jini birjik, shi ya sa take kamawa. Zai yi kwanaki yana shan kunu da koko, bakin zai ɗan ɗaure, wasu kan ji wurin ya yi dindiris na wani lokaci. Robar gaba takan zauna kamar mako uku, a sake hoto, in babu yoyo a cire. Ta marar ma a rabu da ita.

Ka kuma yi maganar alade, na san Hajiya ce ta sa ka. Gaskiya ne wasu daga cikin ƙyallayen nan daga alade ake yinsu, wanda aka fara ganowa a Jami'ar Purdue ta Amurka ma na hanjinsa ne. A 1995 malamai da likitoci sun zauna a Kuwait, suka ce abin da ya rikiɗe ya bar asalinsa, irin jelatin da ake sa wa magani, ya halatta. Ga kuma babin lalura da kowa ya sani. Duk da haka ni dai raina ya fi kwanciya da na saniya, kuma ana yinsa. Wannan ne ke sa ni tunani in na bi ta mahauta na ga fatu jibge za a loda su zuwa kudu a cinye. Kayan aikin yana hannunmu. Abin da ya rage shi ne ilimin tace shi, da garken da aka tabbatar da lafiyarsa, da 'ya'yanmu da za su karanci fannin. In babban ɗanka yana nan a kan son kimiyya, ka nuna masa wannan hanya.

Kada ka ɗauka ina kushe kolajin. Ina addu'ar Allah ya nuna mana ranar da zai inganta ya iso nan, domin akwai waɗanda kumatu ba ya isarsu: wanda kusan duk hanyar ta lalace, wanda aka riga aka yanki kumatunsa biyu, wanda taba ta ɓata masa baki. Akwai kuma matan nan masu yoyon fitsari da ake kaiwa cibiyar Gesse da ke nan Birnin Kebbi. Tasu hanyar ba ta wuce santimita 4 ba, in doguwar naƙuda ta cinye ta, ita ce gyaran da ya fi kowanne wuya. Wata a rufe mata ramin amma ta ci gaba da zuba, saboda tsokar da ke riƙe fitsarin ta tafi. Su ne nake tunawa duk lokacin da na karanta an ci gaba a wannan bincike.

Yanzu ga abin da nake so a yi. Na farko, kada kowa ya sake buɗa shi da ƙarfe, a bar wurin ya huta kamar wata uku, don likita ya ga ainihin tsawon tabon. Hukuncin irin aikin da za a yi na likitan ne bayan ya ga sabon hoto, ni abin da na sani na gaya maka. A riƙa canza robar mara a kan lokaci, kowane wata, a asibiti, ya kuma yawaita shan ruwa. In ya ji zazzaɓi da rawar sanyi ko fitsarin ya daina sauka a jaka, kada a jira gari ya waye. Ka yi masa magana ya bar garin tabar nan da yake sa wa a leɓe, ni na faɗa, amma ya fi jin taka, kuma bakin nan shi za mu nema. A daina ba shi jiƙe-jiƙen masu cewa suna narkar da toshewa, tabo ba ya narkewa, ƙoda kawai za a wahalar.

Kuɗin da ka ce ka tara, ka riƙe su a hannunka tukuna. Zan raka shi ganin likita in an gama girbi, in an rubuta gwaje-gwaje da kuɗin aiki zan turo maka takardar ka gani da idonka, sai mu san yadda za a raba nauyin da sauran 'yan'uwa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Uwargida tana gaisuwa, ta ce a tambaye ka ko man jan da ka yi mata alkawari yana hanya. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Naka amini,
daga Birnin Kebbi.