Dodon Banshi da asalinsa a al'adar mutanen Ailan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wata halitta da ake yawan cin karo da ita a wasannin kwamfuta da zane-zanen labaran ƙage, wato wani katafaren maciji mai fukafukai, fari fat kamar gawa, da geza mai tsawo kamar gashin mace, wanda aka ce idan ya kwarara ihu duk wanda ya ji sai ya faɗi matacce. Masu ƙirƙirarsa sukan ce sun aro shi ne daga Banshi, mai shelar mutuwa a camfe-camfen mutanen ƙasar Ailan. Ban ga laifin aro ba, tunda ƙagaggen labari ko'ina da aro yake rayuwa, amma a ganina wannan aron ya ɗauki ihun ya bar dalilinsa.

A al'adar mutanen Ailan Banshi mace ce daga cikin aljanun da aka yi imani suna zaune a tsofaffin tuddai, kuma ba ta kashe kowa. Aikinta kuka ne. Ana cewa takan zo da dare kusa da gidan da wani ke dab da cikawa, ta tsaya a bakin taga ko a gefen rafi tana rusa kuka, idanunta jajir saboda hawaye, tana taje dogon gashinta. Daga nan ne ma iyaye suke gargaɗin yara cewa idan sun ga mataji a yashe a kan hanya kada su kuskura su ɗauka, domin mai shi za ta biyo sawu. Kuma ba kowane gida take zuwa ba, tsofaffin zuri'o'in ƙasar take bi, musamman waɗanda sunan gidansu ya fara da O ko Mac, har ya kasance samun Banshi a dangi wani abin tinƙaho ne da ke nuna gidan mai asali ne.

Tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar sun kawo labarin Aoibheall, aljanar da aka danganta da wani dutse kusa da Killaloe a yankin Clare, wadda aka ce ta bayyana ga babban sarkin ƙasar, Brian Boru, a daren da za a wayi gari a yi yaƙin Clontarf a shekarar 1014, ta sanar da shi cewa ba zai fita da rai ba. Rundunarsa ta yi galaba, shi kuwa aka kashe shi. Ko a wannan labarin ba ta ɗaga masa hannu ba, ta zo ne a matsayin ta gida mai kawo mummunan labari.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne camfin ya tsiro ne daga wata al'ada ta zahiri. A ƙauyukan Ailan akwai mata masu kukan mutuwa, waɗanda ake kira su zauna a kan gawa suna rera baitoci da muryar makoki, suna ambaton halayen mamaci da sunayen iyaye da kakanninsa, wasunsu ma ana biyansu. Limaman cocin Katolika sun daɗe suna yaƙar wannan al'ada, kuma zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Banshi ita ce irin waɗannan mata a duniyar ɓoye, sai dai nata kukan yana riga mutuwar zuwa. Ba ina kare camfin ba ne, domin addininmu ya hana camfi da kururuwar mutuwa, ko da yake har yau akwai waɗanda gabansu ke faɗuwa idan mujiya ta yi kuka a kan rufin ɗaki. Ina dai cewa wanda zai ɗauki abin wasu mutane ya kamata ya san me yake nufi a wajensu.

Kuma sanin ba wuya gare shi ba. Hukumar tattara al'adun gargajiya ta Ailan, wadda aka kafa a 1935, ta sa yaran firamare sama da 50,000 sun zagaya wajen tsofaffi a 1937 da 1938 suna rubuta labaran da suka ji, kuma waɗannan littattafai suna adane a wata jami'a a Dublin, an ma ɗora su a intanet. Labaran Banshi suna nan birjik a ciki, da rubutun hannun yaran.

Akwai kuma wani abin mamaki, cewa mutanen Ailan suna da nasu dodannin masu kama da maciji, waɗanda suke zaune a tafkuna da koguna. An ce ɗayansu ne ya haƙa hanyar Kogin Shannon, kogi mafi tsawo a ƙasar, a lokacin da yake gudun waliyyinsu Patrick. Mai neman dodon ɓarna daga wannan ƙasa bai rasa inda zai samo ba, amma sai aka tsallake waɗannan aka je aka maƙala wa mai makoki haƙora da farata.

Da ni ne mai zanen, da na bar dodon da fukafukansa da gezarsa, na cire masa ikon kisa. Sai ya zama yana bin zuri'a ɗaya tun kaka da kakanni, ba a ganinsa shekara da shekaru, rannan kawai a ji ya sauka a kan ganuwar gari yana kuka, mutanen gidan suna duban juna ba su san wa aka zo wa ba. Jarumin labarin ba shi da abin da zai sara da takobi, kuma ko ya kashe dodon bai hana komai ba. Wannan ya fi tsoratarwa nesa ba kusa ba, kuma ɗan ƙasar Ailan da ya gani zai gane abinsa.

Naka mai karatu,
daga Zariya